Ladabin Ɗauko Maganar Wani da Mayar da Amsa a Zaurukan WhatsApp

Mutum goma sha biyar za su iya zama a fada ɗaya a unguwar Zariya ko Sabon Gari cikin Maraɗi, ana shayi ana hira, magana uku tana tafiya lokaci guda, amma ba a cika samun ruɗani ba, domin ido da fuska da juyawar wuya suna nuna wa ake ba amsa. Idan wani ya faɗi farashin wake, na kusa da shi ya ce ya yi tsada, babu mai tambayar mene ne ya yi tsadar. Zauren WhatsApp bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi. Saƙonni suna jeruwa ne bisa lokacin da suka iso, ko sun dace da na samansu ko ba su dace ba, kuma tun daga ƙarshen shekarar 2022 zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024, waɗanda wasu suna Maraɗi, wasu suna Yamai ko Kano, wasu kuma suna ƙauyen da rezo ke zuwa yana ɗaukewa. Daga nan ne yawancin saɓanin da ake samu a zaurukan dangi, na ƴan kasuwa da na ɗalibai yake tasowa, kuma a ganina tushensa guda ne: mutane suna ɗaukar maganar wani kamar kayan da aka tsinta a hanya, alhali amana ce a hannun duk wanda ya ɗauko ta, ko zai ba ta amsa ne ko zai kai ta wani wuri.

Ga yadda abin yake faruwa ko da babu mai mugun nufi. A zauren dangi, wani ɗan'uwa da ke aiki a Yamai ya sanar da ƙarfe takwas na safe cewa matarsa ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace. Kawunsa da ke wani ƙauye a yankin Dakwaro ya ga saƙon, ya rubuta: "Alhamdu lillahi, mun ji daɗi, Allah ya ƙaro mana irin wannan." Rezo ya riƙe saƙon bai tafi ba. Cikin wannan tsakanin wata goggo ta sanar da rasuwar wani dattijo a Tibiri, mutane suka fara ta'aziyya, sai ga saƙon kawu ya faɗo a tsakiyarsu. Wanda ya buɗe wayarsa da azahar bai san da haihuwar ba, domin ta yi sama da nisa, abin da ya gani kawai shi ne mutum yana murna a ƙarƙashin sanarwar mutuwa. Da kawun ya kama saƙon haihuwar kafin ya rubuta, da kowa ya ga abin da yake yi wa murna, ko da saƙon nasa ya kwana a hanya.

Wannan kama saƙon WhatsApp ya kawo shi a shekarar 2016. Mutum ya danne saƙon da yake nufi ya taɓa kibiyar amsa, ko kuma ya ja shi zuwa dama kamar yadda aka sauƙaƙa daga baya, sai wani ɗan akwati ya bayyana a saman amsarsa ɗauke da sunan mai maganar da layukan farko na abin da ya rubuta. Wanda ya taɓa akwatin zai koma kan ainihin saƙon, muddin yana nan cikin wayarsa. Aiki ne mai kyau, sai dai mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar akwatin ya fito sun sauke nauyi, kuma a nan kuskuren yake. Akwatin farkon magana kawai yake nunawa. Idan saƙon mai tsawo ne, kuma abin da ake ba amsa yana can ƙarshensa, to mai karatu zai ga gaisuwa da gabatarwa a akwatin, ya ga amsa mai zafi a ƙarƙashi, ya kasa haɗa su. Haka nan wanda ya goge tarihin hirar saboda wayarsa ta cika, abin da ba baƙo ba ne ga masu ƙananan wayoyi, ko ya taɓa akwatin ba inda zai kai shi.

Matsalar ta fi tsanani ga saƙon murya, wanda a nan aka fi kira vokal, kuma shi ne ginshiƙin hirar mafi yawan zaurukanmu. An shigo da shi WhatsApp tun 2013, kuma ya karɓu a wurinmu saboda dalilai bayyanannu: da yawa daga cikin manyan ƴan kasuwa da iyaye mata ba su yi lakkal ba, wanda ya yi ma Faransanci aka koya masa rubutawa ba Hausa ba, sannan mai awo a kasuwa ko ɗan kabu-kabu bai da hannun da zai tsaya yana buga haruffa. To amma idan aka kama vokal don a ba shi amsa, abin da akwatin ke nunawa shi ne hoton makirfo da tsawon mintocinsa, babu kalma ko ɗaya. Sau da yawa kuma vokal na minti huɗu yana ɗauke da batutuwa uku: Alhaji ya yi gaisuwa, ya faɗi yadda canjin naira da sefa ya tashi a ranar, ya ce motar kaya za ta tashi zuwa Ɗan Isa gobe da asuba, ya rufe da ƙorafi kan wani yaron shago. Sai wani ya kama saƙon ya ce: "Gaskiya ban yarda ba." Canjin ne bai yarda da shi ba, ko tafiyar motar, ko zargin da aka yi wa yaron? Dole kowa ya koma ya saurari minti huɗu, ya ƙone forfensa na intanet, kuma bayan ya gama saurare har yanzu hasashe zai yi.

Saboda haka mai amsa vokal yana da aikin da na'ura ba za ta yi masa ba, wato ya faɗi da bakinsa abin da yake ba amsa kafin ya faɗi ra'ayinsa. Jimla ɗaya ta isa: "Alhaji, a kan maganar motar gobe, ina ganin a bari sai jibi, domin kayan Hajiya ba su iso ba." Wanda ya ji wannan ya fahimci zancen ko bai taɓa sauraren saƙon farko ba. Shi ma mai aiko da vokal yana iya rage wa jama'a wahala idan ya raba batutuwansa, kowanne da nasa saƙon, ta yadda za a iya kama wanda ake so a bar sauran. Na san akwai masu ganin cewa gutsuttsura magana rashin nutsuwa ne, dattijo ya kamata ya yi jawabinsa ya kammala. Wannan ya dace da zaman da ake fuskantar juna, inda mai sauraro zai iya cewa a dakata a nan. A waya kuwa dogon jawabi mai rassa da yawa shi ne ke haifar da amsoshin da ba a san inda suka dosa ba.

Tambayar nawa za a ɗauko daga maganar mutum ta girmi WhatsApp. Tun a watan Oktoba na 1995 wata ma'aikaciyar kamfanin Intel mai suna Sally Hambridge ta rubuta takardar jagora kan ladabin mu'amala a intanet, wadda aka sani da lamba RFC 1855, kuma cikin shawarwarinta akwai cewa mai ba da amsa ya taƙaita saƙon da yake amsawa, ko ya ɗauko daidai abin da zai sa a gane zancen, kada ya kwaso shi duka. A lokacin layukan intanet suna da nauyi kuma suna da tsada, matsalar da har yanzu ba ta gushe ba ga mai sayen forfen kwana ɗaya. Sai dai taƙaitawa tana da nata haɗarin, kuma malamanmu sun riga kowa zurfafa bincike a kansa. Kowane almajiri ya san misalin wanda zai karanta farkon aya ta 43 a Suratun Nisa'i, inda aka ce kada a kusanci salla, ya yi shiru bai ƙarasa da cewa alhali kuna cikin maye ba. Bai ƙara harafi ko ɗaya ba, amma ya juya ma'anar gaba ɗaya. Shi ya sa malaman hadisi da suka halatta taƙaita ruwaya suka gindaya sharaɗin cewa abin da aka bari kada ya kasance yana rataye da abin da aka ɗauko, kamar sharaɗi ko togiya, kuma ruwaito magana da ma'anarta ba da lafazinta ba sun keɓe shi ga wanda ya san harshen sosai har yana gane abin da ke canza ma'ana.

Wannan ƙa'ida ita ce ake takewa kullum a zaurukan kasuwanci. Alhaji ya rubuta cewa zai sayi wake a kan jaka 25 buhu idan busasshe ne, kuma aka kawo shi Maraɗi kafin kasuwar Juma'a. Dillali ya kwafi rabin farko ya liƙa a wani zaure: "Alhaji ya ce zai saya jaka 25." Wani ya ɗauko mota daga Tasawa ranar Asabar da wake mai danshi, aka ƙi karɓa, rigima ta tashi, kowa yana rantsuwa cewa ya ga rubutun Alhaji da idonsa. Kalmomin nasa ne, babu shakka, amma maganar ba tasa ba ce. Ma'aunin da nake ganin ya fi sauƙin riƙewa shi ne mutum ya tambayi kansa: idan mai maganar ya ga yadda na ɗauko ta, zai ce haka na faɗa, ko zai ce ai ban ƙarasa ba? Idan na biyun ne, to a ƙaro abin da aka yanke. Kuma idan mutum fahimtarsa yake faɗa ba lafazin mai maganar ba, ya bayyana hakan a fili, ya ce abin da na fahimta daga maganar wane shi ne kaza, domin a bar wa mai ita ƙofar gyarawa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Fitar da magana daga zauren da aka yi ta zuwa wani wuri ya fi duk waɗannan nauyi. Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni ta yadda babu mai karanta su a hanya tsakanin waya da waya, kuma wannan ya sa wasu suna sakin baki suna zaton asirinsu a rufe yake. Kullewar ba ta hana ɗan zauren ɗaukar hoton allon wayarsa ko tura vokal ga wanda ya ga dama. Abin da mutum ya faɗa cikin ƴan'uwansa goma, da sigar wasa da suka saba da ita, idan aka kai shi zauren mutum ɗari biyar da ba su san shi ba, ya zama wani abu dabam. Malamai suna yawan tunatarwa cewa zaman majalisa amana ne, kuma ban ga dalilin da zai fitar da majalisar waya daga wannan hukunci ba. Neman izini kafin a fitar da magana ba ya cin minti ɗaya, kuma wanda yake jin nauyin neman izinin, galibi ya riga ya san cewa ba za a ba shi ba.

Saƙon da aka tura gaba yana da wani lahani da mutane ba su cika lura da shi ba: yana isa ba tare da sunan wanda ya fara yin sa ba, ba kuma tare da ranar da aka yi shi ba. Kamfanin ya fara sa alamar cewa turowa aka yi a watan Yuli na 2018, bayan jita-jitar da ta jawo kashe-kashen mutane a Indiya, ya taƙaita turawa zuwa wurare biyar a duk duniya a watan Janairu na 2019, sannan a watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, ya mayar da saƙon da ya riga ya yawata sosai zuwa wuri ɗaya a kowace turawa. Duk wannan rage gudu ne kawai, bai mayar da suna ko kwanan wata ba. Ga Maraɗi, garin da cinikinsa ke rataye da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe iyakarta da Nijar a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, har zuwa Maris na 2024. Vokal ɗin direban da ya ce yanzu-yanzu aka rufe iyaka, gaskiya ne a ranar da ya faɗa, amma yana iya sake zagayowa bayan shekara biyu da kalmar "yanzu-yanzu" a cikinsa, ya sa mutum ya karyar da kayansa ko ya fasa lodi. Wanda zai tura irin wannan saƙo wajibinsa ne ya ɗora masa abin da na'ura ta cire: daga wa ya same shi, yaushe, kuma ya tabbatar ko bai tabbatar ba. Idan bai san ko ɗaya ba, hadisin da ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji, a kansa yake magana. Doka ma tana nan: Nijar ta kafa dokar hukunta laifuffukan intanet a watan Yuli na 2019, aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi a 2022, aka kuma mayar da shi a watan Yuni na 2024, don haka cewa "ni ma turo mini aka yi" ba garkuwar da za a dogara da ita ba ce.

Sai batun girma da shekaru, wanda shi ne ya fi wuyar warwarewa, domin a zaure ɗaya ake haɗa uba da ɗa, malami da ɗalibi, maigida da yaronsa. Kama saƙon dattijo a yi masa raddi layi bayan layi a gaban jama'a yana fitowa kamar tuhuma, ko da kowace kalma ta mai raddin gaskiya ce. Tun 2018 akwai hanyar kama saƙo daga cikin zaure a amsa wa mai shi shi kaɗai, kuma ita ce ta dace da duk abin da ya shafi mutum a karan kansa: kuskuren lissafinsa, bashin da ake bin sa, kalmar da ta kuɓuce masa cikin fushi. Amma ba na tare da masu cewa kowane gyara a ɓoye za a yi shi. Idan babba ya sanar da cewa jana'iza ƙarfe huɗu ce alhali ƙarfe biyu ce, ko ya turo wani magani da zai iya cutar da mai ciwon suga, to jama'ar da suka ga kuskuren su ne ke bukatar ganin gyaran, kuma jinkiri cutarwa ne. Abin da ake nema shi ne lafazi. Wanda ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a kan lokacin jana'izar da Malam ya ambata, yanzu na yi magana da gidan, sun ce an dawo da ita ƙarfe biyu," ya gyara kuskuren, ya faɗi madogararsa, bai kuma zubar da girman kowa ba. In da hali ma, ya fi kyau a sanar da dattijon a gefe ya gyara da kansa, idan lokaci bai ƙure ba.

Akwai kuma masu kama saƙo don tozartawa, su haƙo abin da mutum ya faɗa wata shida da suka wuce su ɗora a gaban jama'a ba tare da cewa komai ba sai sitika mai dariya. Idan alkawarin kuɗi ne ko yarjejeniyar ciniki, kawo tsohon saƙo hujja ce kuma babu laifi. Idan ra'ayi ne kawai da mutum ya sauya, to neman faɗa ne.

Gaisuwa da amin ba sa bukatar dogon bayani. Malaman fiƙihu sun ce idan aka yi wa jama'a sallama, ɗaya ya amsa, ya ɗauke wa sauran, don haka ba dole ba ne mutum ɗari biyu su kama sallamar asuba ɗaya bayan ɗaya har sanarwar da ke da amfani ta nutse. Tun watan Mayu na 2022 ana iya manna ɗan hoton alama a jikin saƙo don nuna an gani, kuma ya wadatar ga sanarwar taro ko canjin farashi. Ga ta'aziyya kuwa, a ganina, bai wadatar ba. Wanda aka yi wa rasuwa ya cancanci kalma, kuma idan na kusa ne ya cancanci kira ko takawa zuwa gidan. Wanda kuma ya buɗe wayarsa bayan kwana biyu ya tarar da saƙo ɗari uku, ya karanta har ƙasa kafin ya amsa na sama, domin sau da yawa an riga an sasanta rigimar da yake shirin tsoma baki, amsarsa ce za ta sake tayar da ita.

Gyara saƙo da goge shi su ma sun shiga wannan babi, tunda suna taɓa amsoshin da aka riga aka gina a kansa. Tun 2017 ana iya janye saƙo daga wayar kowa, a 2022 aka tsawaita wa'adin zuwa kimanin kwana biyu, aka kuma ba admin ikon goge saƙon kowane ɗan zaure, sannan daga watan Mayu na 2023 mutum yana iya sauya abin da ya rubuta cikin minti 15. Gyara harafi ko lambar da ta kuɓuce kafin kowa ya amsa ba komai ba ne. Amma wanda ya rubuta jaka 25, aka ce an saya, sannan ya koma ya mayar da ita 27, ya mai da abokin cinikinsa maƙaryaci a idon wanda ya zo daga baya, duk da cewa ana sa ƴar alama mai nuna an gyara, domin alamar ba ta faɗin abin da ke wurin da farko. Hanyar da ta dace ita ce ya kama nasa saƙon na farko, ya rubuta sabo a ƙarƙashi yana cewa ya yi kuskure ko farashi ya canza, kowa ya ga na da da na yanzu. Shi ma admin idan zai goge saƙo a tsakiyar rigima, kada ya cire zagin ya bar martanin da aka mayar, domin wanda aka zaga shi ne zai fito kamar mai neman fitina. Ko dai ya cire duka biyun, ko ya rubuta a fili cewa ya goge saƙon wane saboda kaza, sannan in ƙura ba ta lafa ba ya rufe zauren na ƴan awoyi ta yadda admin kaɗai ke iya aika saƙo, ya kira mutanen biyu a waya.